Tantanin Mabiya a Hannun Surukina

Tun da aka kawo ni gidan miji a Kontagora, surukina bai taɓa ganin ina tauna wani abu ba. Ko gyaɗa ce a bakina, da na ji gyaran muryarsa daga zaure sai in tofar da ita a hannu. Sunansa kuwa ban taɓa furtawa ba, har yau da ƙasa ta rufe masa ido. Malam muke ce masa. Haka aka yi mini tarbiyya a gidanmu a Ibeto, haka kuma na tarar ana yi. Da safe in tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa a bakin ƙofa ina kallon tabarma, in gaishe shi, shi kuma ya amsa yana kallon takardunsa. Na san ƙafafunsa da hannunsa na dama fiye da yadda na san fuskarsa, domin nan ne iyakar inda idona yake kaiwa.

Hannun nan shi ne komai nasa. Malam marubucin Alƙur'ani ne, da ka yake rubutawa, da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa. Daga Mashegu da Kasuwan Garba ana zuwa a jira ya gama. In ya zauna rubutu da hantsi, ko kaji Inna ba ta bari su wuce ta wurin. Inna ita ce uwar mijina.

A shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, ina da cikina na uku, Malam ya tsufa sosai. Ciki a gaban suruki abin ɓoyewa ne, ko da ya kai girman tulu. Mayafi biyu nake yafawa in zan gaishe shi, cikin zafin nan na Kontagora, ina zufa ina haƙuri. Shi ma yana nuna bai gani ba. Kowa ya riƙe nasa ɓangaren, ana zaune lafiya.

Lokacin kananzir ya yi wuya. Wanda aka samo mana ashe wani marar tsoron Allah ya gauraya shi da fetur, Allah ya isa tsakaninmu da shi ko wane ne. Gab da magariba Malam ya zuba a fitila ya ƙyasta ashana, sai wuta ta tashi ta kama hannun babbar rigarsa. Ina ɗaki na ji salatin Inna. Ban san lokacin da na sunkuci bokitin ruwa na fito ba, daga ni sai zani ɗaure a ƙirji, ba ɗankwali, ga ciki a gaba tirtsitsi. Na sheƙa masa ruwan. Wutar ta mutu. Abin da ba na mantawa shi ne, mutumin nan fatar hannunsa tana saɓulewa, amma da ya ɗago ya gan ni a haka sai ya kawar da kansa gefe. Ni ma na saki bokitin na koma ɗaki da gudu, na bar su da shi.

Ƙunar ta ci bayan hannun, da yatsu, ta hau har gwiwar hannu. Aka kwantar da shi a asibiti. Kullum da safe sai an ɓare bandejin jiya, shi kuma ya riga ya manne da nama, in an ja sai ya taho da ɗan abin da ya fara warkewa. Ciwo ya ƙi rufewa, ya fara ruwa, ya fara wari. Mijina, wanda malamin firamare ne, yakan dawo daga asibiti ya zauna ya kasa cin tuwo. Wata rana ya ce mini likita ya ce in ruɓar ta kai ciki, sai dai a tura shi babban asibiti, kuma can ɗin wataƙila yankewa za a yi.

Ana cikin haka ni ma aka kwantar da ni. Da na je awo aka ce yaron ya kwanta a gicciye, ba zai fito da kansa ba, sai an yi aiki. Haihuwata biyu a gida na yi su, a hannun Inna da ungozoma, ban san wani aiki ba. Aka ba ni gado a ɗakin masu haihuwa, aka ce in jira ranar. Tsakaninmu da ɗakin maza wani fili ne da bishiyar mangwaro. Ban iya shiga in gaishe shi ba. Da wace fuska? Sai dai in yafa mayafaina in tsaya a bayan taga in ce wa Inna ta ce ina gaisuwa.

Amma kunne ba a yafa masa mayafi. Da safe in an zo wankin ciwo, ina jin sa daga gadona. Ba ihu yake yi ba. Yana jan ayoyi ne, sai muryar ta yi sama ta tsinke, ya yi shiru, ya sake kamawa daga inda ya tsaya. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ko a kan akuya ba. Matan ɗakin suna cewa, "Allah sarki, tsohon nan ya fara." Ba su san surukina ba ne, ni kuma ban faɗa ba. Sai in juya bango in toshe kunne da filo, ina jin kamar na leƙa shi yana wanka.

Ana jibi za a yi mini aiki likita ya zo ya ja kujera kusa da gadona. Saurayi ne ɗan Bida, Hausarsa da ɗan karkacewar Nufawa, amma ana ganewa sarai. Ya ce, "Malama, roƙo na zo yi."

Ya yi mini bayani a hankali. Ya ce a jikin mabiya, wato abin nan da ke biyo yaro bayan haihuwa, akwai wani tantani siriri wanda yake lulluɓe da yaro a ciki, kamar na cikin ɓawon ƙwai. In aka ɗaye shi da tsabta, aka wanke shi da ruwan gishiri da magani, aka shimfiɗa a kan ƙuna, sai ya manne ya zama kamar fatar aro. Raɗaɗi ya lafa, ƙazanta ba ta samun hanya, sabuwar fata ta samu sararin tsirowa a ƙarƙashi, kuma ba sai an riƙa ɓarewa kullum ba. Ya ce ya ga ana yi a inda ya yi karatu. Na wadda aka yi wa aiki ya fi tsabta, in an gwada jininta an ga lafiya take.

Yarinyar da ke cikin nan nawa a ranar, yanzu ita ma ma'aikaciyar jinya ce. Kwanaki take ba ni labari wai yanzu tantanin nan a busashe yake zuwa cikin 'yar leda, ba wanda ya san daga cikin wace ya fito, har ma wai ana rainon fatar mutum a ɗakin gwaji kamar yadda ake rainon irin tumatir. Na ce mata Allah ya kyauta, ku kun huta. A lokacinmu kuwa da fuskarsa yake zuwa, da sunan gidansu.

Na tambayi likitan, ko da yake gabana ya riga ya faɗi, "Wa za a sa wa?"

Ya ce, "Baba. Na gadon bakin taga."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Abin da ya fito daga cikina, abin da ko mijina ba ya gani, a ɗauka a liƙa a jikin Malam? A hannun da yake rubuta Alƙur'ani da shi? Raina ya ɓaci, kuma ni dama in raina ya ɓaci ba na iya riƙe baki. Na ce, "Likita, ku a garinku ba ku da surukai ne?"

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Muna da su, namu ma sun fi naku tsanani. Amma ina tsoron hannun nan ba zai jira wata ba."

Na ce sai na tambayi maigidana. Da mijina ya zo da yamma na faɗa masa, ina kallon bango. Ya saurara yana kallon ƙasa, ya sosa ƙeya, ya ce, "To, ai abin naki ne." Sai ya tuna wai bai yi la'asar ba, ya fice. Ubansa ne fa. Ya bar ni da ciki, ya bar ni da magana. Ranar na yi masa Allah ya shirya a zuci ya fi a ƙirga.

Saura Inna, kuma tata ta fi wuya. A gidanmu ita ke binne mabiya. Takan wanke ta da kanta, ta duba ta ga ta cika ba abin da ya ragu, ta naɗe a farin ƙyalle, ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne, ta ɗora dutse saboda karnuka. Ba a yi a gaban kowa. Ta yi imani in wani yanki ya fita ya shiga hannun mutane, ana iya cutar da mai jego da shi, ko haihuwarta ta tsaya. Ta mijina ma tana nan a bayan ɗakin nan, ta taɓa nuna mini wurin da haɓa.

Washegari ta shigo da kwanon kunu. Na gane likita ya riga ya yi mata magana, domin ta zauna a bakin gado ba ta dube ni ba. Ta daɗe tana gyara bakin zaninta. Can ta ce, "Jiya ya ce in sa masa alƙalami a hannun hagu."

Na ce, "Ya gwada?"

"Ya gwada. Ya ce in ɗauke."

Sai ta ce, "'Yar nan, ni ba zan ce ki yi ba, bakina ba zai iya ba. Abin da aka miƙo mini dai zan binne, ba zan buɗe in duba ba."

Da ta fita na sa aka kira likita. Na ce na yarda, amma da sharaɗi: kada Malam ya san tawa ce. Ya ce dole ya faɗa masa ko mene ne za a sa masa, amma ba zai faɗi mai shi ba. Na ji sanyi a raina, don wauta. Ban tsaya na yi tunanin cewa a ranar ni kaɗai ce za a yi wa aiki a duk asibitin ba.

Inna ta ba ni labarin yadda suka yi daga baya. Ta ce da likita ya gama bayani Malam ya dubi hannunsa. Sai ya tambaya ko an wanke jinin tas. Aka ce an wanke. Ya ce to, lalura ce, kuma addini bai hana magani ba. Bai tambayi ta wace ce ba. Inna ta ce daga nan ta san ya sani, domin Malam mutum ne da ko goro aka ba shi sai ya tambayi daga ina.

Aka yi mini aiki da safe, aka ciro 'ya mace. Kafin in gama farfaɗowa an riga an shimfiɗa masa, sauran kuma an sa a kwalba an ajiye a firiji don canji. Washegari da safe na kasa kunne ina jiran ayoyin nan masu tsinkewa. Ban ji komai ba sai tsuntsaye a mangwaro. Gabana ya faɗi, na ɗauka wani abu ya faru. Sai ga wata nas Bakambariya, mai kirki ce amma muryarta kamar lasifika, ta shigo tana tafa hannu. Ta ce, "Maijego, albishirinki. Baba ya yi barci har da minshari, ya tashi ya nemi kunu. Fatarki ta karɓe shi."

A gaban kowa. Mata suka miƙe zaune a gadajensu. "Wace fata?" "Wane Baba?" Ita kuma ta tsaya ta yi musu bayani dalla-dalla, har da nuni da hannu. Na ja zani na rufe kaina ruf, ɗinki yana ja na, ina kuka. Ni kaina ban san ko na murna nake yi ko na kunya ba, amma na fi zaton na kunyar ya fi yawa.

Kafin a sallame ni magana ta riga ni isa unguwa. Masu zuwa barka sai su duba jaririya sama-sama, su zauna su ƙura mini ido. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ba ta taɓa ganin abin da bai shafe ta ba, ta ce, "Oh duniya. Mu a zamaninmu ko inuwar suruki ba ma takawa, yau ga shi har an kai ki jikinsa." Aka yi dariya. Da ba don ɗinki ba da na tashi na nuna mata ƙofa. Wasu kuma suka ce ai Malam ba zai ƙara taɓa Alƙur'ani da hannun nan ba, ya ƙazantu. Wannan ita ta fi ci mini rai. In haka ne, me aka yi ke nan? An tona mini asiri a banza, an kuma ɓata masa suna.

Aka yi suna yana asibiti, daga can ya aiko da sunan. Bayan wasu makonni aka sallamo shi. Hannu dai ba a yanke ba. Ya rufe, fatar ta fito ja-ja tana sheƙi, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe ba sa miƙewa. Duk wannan a bakin mijina na ji, domin ni na shige ɗaki na ce jego nake. Gaisuwar safe na daina zuwa. Shi ma bai shigo cikin gida ba, a zaure ya tare, can ake kai masa abinci. Bai ce a kawo masa jaririya ba, alhali 'ya'yana biyu na farko tun ranar haihuwa ya karɓe su ya yi musu addu'a. Rubutu ma ba a ji ya zauna ba. Na ce shi ke nan, ƙyamata yake yi, ko kuma fushi yake da na ja masa surutun gari. Na ce wa mijina da na yi arba'in zan tafi Ibeto ganin gida. A raina kuwa na ƙudura ba zan dawo da wuri ba, in ma na dawo.

Wata rana bayan azahar na ɗauka yana masallaci, na fito zan shanya kayan jaririya. Shi kuma ashe ya ɗauka ina barci, ya shigo zai ɗauki wani abu a ɗakinsa. Muka yi kiciɓis a bakin rumbu. Na juya da sauri zan koma. Sai na ji takun sauri a bayana, na waiga da wutsiyar ido. Malam ne, da furfurarsa da komai, ya cusa hannun dama cikin riga yana ta sauri zuwa zaure, har takalminsa ɗaya ya fita bai tsaya ɗauka ba.

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Takalmin nan yana tsakar gida har la'asar, ba wanda ya taɓa shi, sai da Inna ta zo ta ɗauka tana girgiza kai. Ashe duk kwanakin nan da nake ɓuya, shi ma ɓuyar yake yi. Tsoho mai gida guda ya koma kwana a zaure cikin sauro saboda ni.

Duk da haka ban fasa tafiyar ba, don ban ga yadda za a yi mu ci gaba da zama muna tsere a tsakar gida ba. Ana gobe zan tafi, da hantsi, na ji an shimfiɗa tabarma a inuwar da ke jikin tagar ɗakina, wurin da bai taɓa zama ba. Inna ta shigo ta ce, "Kawo ta, mijinta yana kira." Ta ɗauki jaririyar ta fita. Jika mace ai matar kakanta ce a wasa, abin da ba zai faɗa wa kowa ba yana iya faɗa mata.

Na matsa jikin labule. Na ji ya yi gyaran murya, ya yi mata addu'a, sannan ya ɗaga murya fiye da yadda ake yi wa jariri magana.

"To amarya, sai yau. Kada ki yi fushi, ba ƙin ki na yi ba. Ke ce kika zo da abin da ya fi ƙarfina. Kowace amarya ita ake kai wa kaya, ke kuwa tun ba ki buɗe ido ba kika tuɓe naki kika rufa mini." Na ji 'yar ƙarar allo a kan tabarma. "Ga tukuici. Shi ne na farko da na rubuta, layin bai miƙe ba, ki yi haƙuri. A wanke a ba ki, a ba wa mai ɗakin nan."

Na leƙa ta gefen labule. Allon yana jingine da gwiwarsa, baƙaƙen sun yi rawa, wasu sun fi wasu girma, amma rubutunsa ne. Jaririyar tana kwance a cinyarsa, ta damƙe lanƙwasasshen yatsan nan da hannunta. A karon farko na kalli fuskarsa sosai. Idonsa a ƙasa yake, kamar yadda nawa yake zama in na je gaishe shi.

Ya ce, "Kuma ki gaya mata an ce gobe za ta Ibeto. Ta gaida mutan gida. In ta ga dama kada ta daɗe." Muryar ta tsinke kamar yadda take yi a asibiti, ya jira ta dawo. "Ki ce mata na gode. Ni ba ni da bakin da zan faɗa mata."

Inna tana tsaye tana share ido da bakin mayafi. Na san jira suke, kuma na san in na yi shiru zai koma zaure. Na durƙusa a bayan labulen, ko da yake ba mai ganina, na kira yarinyar da laƙabin da nake kiran ta da shi, na ce, "Ki ce masa Allah ya ƙara sauƙi. Ki ce kwana biyu kawai zan yi."

Ya ce, "Ta ji."

Mun ƙara shekaru da yawa a gida ɗaya kafin ya rasu, ya rubuta abin da Allah ya nufe shi da rubutawa da yatsu uku. Ba mu sake tayar da maganar ba, ko ni ko shi. Na koma gaisuwar safe, ina durƙuso ina kallon tabarma, yana amsawa yana kallon takardunsa. Sai dai kullum in ya ji tafiyata, yakan ja hannun riga ya rufe hannun kafin in iso.